Yarinyar maƙwabta ake azabtarwa, ina zan kai ƙara?

Maman Walida: Slm jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya hanani bacci. Gidan da muka haɗa katanga da su akwai wata yarinya ƴar aiki, bazata wuce shekara tara ko goma ba, daga ƙauye aka kawota bayan ƙaramar sallah. Tun asuba zakaji tana wanke-wanke, ita ce shara ita ce raino ita ce kai niƙa, ko islamiyya bata zuwa. Duka kuwa kusan kullum, da wayar caja ake zabga mata muna jin ihun har ɗakinmu. Jiya ta shigo ɗibar ruwa dan famfonsu ya ɗauke, da ta ɗaga hannu zata ɗora bokiti sai naga ƙuna a damtsenta, shatin bayan cokali ne sak har guda biyu, ɗayan ya fara ruwa. Na tambayeta tace wai a murhu ta faɗa, alhali gidan da gas suke girki. Na zuba mata tuwo, tana ci tana waige-waige tana leƙen ƙofa. Maigidana yace in fita harkar kar in haɗashi faɗa da maƙwabci, ni kuma wlh na kasa. Ina ake kai irin wannan a Kano? kuma ya za'ayi kar a gane ni ce?

Hajiya Admin: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin kowa yace komai, dan Allah kar wanda ya nemi sunan unguwa ko sunan matar gidan a nan, duk wanda ya saka zan goge. Maman Walida kinyi daidai da baki faɗa ba.

Ummu Khalil: Subhanallahi cokali?? wannan ai ba tarbiyya bace mugunta ce tsagwaronta. Ki ɗauki hoton ciwon ki turo mu watsa a Facebook, wlh kafin la'asar an kamata

Abban Sadiq: Ku bi a hankali dai. Ɓangare ɗaya muka ji. Yaran nan ƴan aiki wasu akwai ɗauke-ɗauke da ƙarya, kuma mu ma duk da bulala aka raine mu bamu lalace ba. Ki samu matar ku biyu kiyi mata nasiha, in bataji ba maigidanki ya samu mijinta a masallaci. Amma ka tashi ka kai maƙwabcinka gaban hukuma, gobe in gobara ta tashi a gidanka waye zai fara zuwa da bokiti? Shi ɗin dai.

Ummu Khalil: Malam da cokali mai zafi aka raine ka?

Abban Sadiq: Ban ce ƙuna daidai bane Hajiya, cewa nayi akwai matakai kafin akai ga hukuma

Sista Nas: Bari in fara da ciwon dan shi ne bazai jira muhawararmu ba. Ƙunar da ta fara ruwa zata iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun shiga, tana buƙatar a wanke a asibiti a rufe, wataƙila har da allurar tetanus. Kar a shafa man goge baki, kar a shafa ɗanyen ƙwai ko manja ko gishiri ko toka, duk muna ganin waɗannan kuma su suke ƙara ɓata ciwon. Sabuwar ƙuna ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, amma wannan ta wuce nan. Sannan zuwa asibitin yanada amfani na biyu, likita zai rubuta abinda ya gani a kati, girman ciwon da siffarsa, da tsofaffin tabon da ke bayanta in akwai. Mu da muke aikin mun san bambancin yaron da ya faɗa wuta da wanda aka ɗora wa ƙarfe, na faɗuwa baya zuwa da zagaye mai kyau haka har biyu wuri ɗaya. Wannan rubutun shi ne hujja ranar da matar zata rantse tace bata taɓa ta ba.

Maman Walida: Sista ni robb na shafa mata dan shi na samu kusa, Allah yasa ban ƙara mata ba. To amma ya zan kaita asibiti ba ƴata ba? in matar ta dawo ta tarar bata nan ai cewa zatayi na sace mata yarinya

Lauyan Talaka: Kar ki ɗauketa ke kaɗai ki fita da ita, kinyi tunani mai kyau, zasu iya juya maganar kanki. Hukuma ce zata ɗaukota. Ga abinda doka tace, dan mutane da yawa basu sani ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ko ba'a taɓa dukanta ba, ajiyeta a matsayin ƴar aiki kaɗai laifi ne, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, in kuma an ji mata ciwo ko an hanata haƙƙinta hukuncin yana ƙaruwa. Kuma ba uwar ɗakin kaɗai ba, har wadda ta kawota daga ƙauye tana karɓar kuɗin wata. Dokar tarayya ce tana aiki ko'ina. Bayan ita akwai dokar kare yara ta jihar Kano da Ganduje ya saka wa hannu a watan Mayun 2023 dab da zai sauka, shekara 20 kenan bayan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Kaduna sun rigamu, tasu tun 2018.

Inda zaki iya kaiwa: ofishin NAPTIP na shiyya yana nan Kano, kuma sunada lambar kira 627. Akwai sashen walwalar jama'a na ma'aikatar mata, kowace ƙaramar hukuma ma tanada jami'in walwala. Akwai Hisbah. Akwai ƴan sanda, ki nemi ɓangaren mata da ƙananan yara ba kantar bakin ofis ba. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA basa karɓar kuɗi a irin wannan. Ki faɗa musu tun farko bakya so sunanki ya fito.

Abban Sadiq: Barista in za'a bi wannan dokar ai rabin gidajen Kano sai an ɗaure su. Gidan wa ne babu ƴar aiki? kuma iyayen ne da kansu suke kawowa saboda babu, dubu biyar ɗin da ake aika musu da ita ake haɗa wa yarinyar kayan ɗaki. Dokokin nan Turawa ne suka rubuto mana basu san halin da ƙauye yake ciki ba.

Alaramma: Malam Abban Sadiq, Allah ya ƙara maka lafiya, bar batun Turawa mu dawo gida. Anas ɗan Malik yana yaro ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Kuma hadisi ya tabbata cewa ba ya tare da mu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu. Azaba da wuta kuwa an hana ta ko a kan tururuwa, balle ƴar mutum. Haƙƙin maƙwabci da kake magana gaskiya ne, sai dai yarinyar nan ma maƙwabciya ce, a bayan katangar take kwana. Kuma taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Na yarda da kai a wuri guda, a sa mai unguwa a ciki, don kada abin ya zama gaba tsakanin gida biyu.

Malamar Firamare: Mai unguwa kam ya danganta da wane iri ne. Namu tsayayye ne, amma na san inda aka kai maganar fyaɗe gaban manyan unguwa aka tashi da "a rufa asiri, a bar wa Allah", aka ba uban yarinyar kuɗin magani shikenan. Bayan wata nawa mutumin ya sake yi wa wata. Ni dai in za'a sa mai unguwa to a sa shi tare da hukuma, ba a madadin hukuma ba.

Anti Walwala: Slm, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Aikina kenan shekara da shekaru, bari in faɗa muku yadda abin yake tafiya a zahiri ba yadda yake a takarda ba.

Na farko Ummu Khalil, dan girman Allah kar a watsa hoton yarinyar. Na san zuciya ce, amma abinda yake faruwa shi ne da hoton ya fara yawo kafin mu isa gidan an saka yarinya a mota an maida ita ƙauye ko an kaita gidan wata ƴar uwa, muzo a ce mana ai babu wata yarinya a nan. Sannan hoton baya gogewa, zata girma, za'a zo neman aurenta, wani zai tono. Maman Walida in kin samu dama ki ɗauki hoton ciwon kawai banda fuska, ki ajiye a wayarki, jami'in da zai karɓi maganar kaɗai zaki nuna wa. Ki samu takarda ki rubuta ranar da kika gani da ranakun da kikaji duka da abinda yarinyar ta faɗa da bakinta, yadda ta faɗa, kar ki gyara.

Na biyu kar ki titsiye ta da tambaya. Yaron da ake azabtarwa an riga an gaya masa in ka faɗa sai na yanka ka, shi yasa tace murhu. In ta sake shigowa ki bata abinci, ki ce mata abinda ake miki ba laifinki bane, ki tambayi sunan garinsu da sunan babanta da na wadda ta kawota cikin hira, wannan shi yafi komai amfani garemu. Kuma kar kiyi mata alkawarin bazaki faɗa wa kowa ba, tunda zaki faɗa, in ta gane kin karya alkawari bazata sake yarda da babba ba.

Na uku, wanda shi ne yake ci min rai. Ɗauko yaro daga gidan azaba shi ne mai sauƙin, awa biyu an gama. Tambayar ita ce daga nan sai ina? Akwai gidan yara na gwamnati a Nassarawa, NAPTIP ma sunada wurin ajiya na wucin gadi, amma duk na ɗan lokaci ne kafin a nemo dangi. Sai a nemo iyayen, a yi musu faɗa, su sa hannu a takarda, a basu ƴarsu. Talaucin da ya sa suka bada ita yana nan inda yake. Bayan wata uku dillaliya ta sake zagayowa, yarinya ta tafi wani gidan a wani garin inda babu Maman Walida a bayan katanga. Ya kamata a ce muna bibiya, muje ƙauyen mu gani ko tana makaranta, amma sau da yawa kuɗin motar ma daga aljihunmu yake fita, wanda zaka iya kayi wanda bazaka iya ba ka bar wa Allah kana ji kana gani.

Ummu Khalil: Na janye maganar hoton Anti, Allah ya saka. Amma wlh abin da ciwo, kenan ko an ceceta ma ba'a gama ba

Baiwar Allah: Ku yi haƙuri ban taɓa magana a gidan nan ba sai yau. Ni nayi aikatau, ina shekara kamar ta yarinyar nan aka kawoni birni. Bazan faɗi abinda na gani duka ba. A kicin nake kwana kan buhu, in yaran gida sun karya kofi ni ce, in kuɗi ya ɓata ni ce, kuma ba matar gidan ce tafi bani tsoro ba, ƙanin mijinta ne da yake shigowa kicin ɗin da dare. Maƙwabta duk sun sani ana dukana, suna dai cewa sannu in mun haɗu a bakin rijiya. Wadda ta fitar dani wata tsohuwa ce mai saida ƙuli, ita ta saka mayafi taje har garinmu ta gaya wa kakata, kakata tazo da kanta ta tafi dani kuma ta rantse bazan koma ba, ta saka ni makaranta da kuɗin surfe. Abban Sadiq kace a yi wa matar nasiha, wlh duk ranar da wani yayi wa uwar ɗakina magana a kaina, daren nan dukan ninki biyu ne, dan tace na kai ƙararta waje. In zakuyi ku yi gaba ɗaya, in bazaku iya ba kar ku fara.

Hajiya Admin: Allah sarki ƴar uwa. Allah ya saka miki, ya jiƙan tsohuwar nan in ta rasu, in tana raye ya bata lafiya. Mun gode da kika yarda kika faɗa.

Abban Sadiq: Baiwar Allah kiyi haƙuri, ban kawo wannan a raina ba. Allah ya isar miki. Har yanzu dai ina ganin ɗaure mutane bazai gyara ba in ba'a gyara ƙauyen ba, amma maganar a je a yi wa matar nasiha na barta.

Sista Nas: Maganar Baiwar Allah ta kicin da dare ita nake so kowa ya riƙe, dan yarinyar da ba mai tsaya mata a gida ita ake fara nema. In har abin ya kai ga fyaɗe, ko ga wannan ko ga wani yaron da kuka sani, akwai cibiyar Waraka a cikin asibitin Murtala, aikinsu kenan kuma kyauta ne, magani da gwaji da rahoton likita da mai zama ya saurari yaron. Kaduna sunada cibiyoyin Salama, ɗaya tana asibitin Gwamna Awan a Kakuri, akwai a Zariya da Kafanchan. Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. Abu mafi muhimmanci lokaci ne, maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, a sha na kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma baya wuce kwana 5. Mu kuma me mukeyi? sai ayi kwana huɗu ana taron dangi ana shawarar ko a faɗa ko kar a faɗa, a yi wa yarinya wanka da ruwan zafi a gasa ta a wanke kayan, sai ciwo yaƙi warkewa sannan a kawo mana. Kar ayi wanka, kar a wanke kayan, a naɗe su a takarda ba leda ba, a taho. Kuma ba mata kaɗai ba, yara maza ma ana kawowa, su nasu ma yafi ɓoyuwa.

Lauyan Talaka: Ƙari akan maganar Sista, binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa tayi da UNICEF a 2014 ya nuna cikin yara 10 a Najeriya 6 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu wani taimako basu kai 5 cikin 100 ba. Wannan na ƙarshen shi ne matsalarmu. Doka akwai, Kaduna ma a 2020 har dandaƙa suka saka wa mai yi wa ƙaramin yaro fyaɗe, amma kes baya zuwa gaban alƙali in iyaye sun janye, kuma mafi yawa janyewa sukeyi, wani dan kunya wani dan an matsa masa wani dan ya gaji da zirga-zirgar kotu yana barin sana'arsa.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Abin da Anti Walwala ta faɗa na komawa gidan jiya, mu nan mun ganshi da ido. Yankin Kance ana ɗaukar yara a tafi da su bara Aljeriya, wani sa'in ma ba uwar ce ke tafiya da su ba, haya ake bada yaron. A 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin sahara da motarsu ta lalace, 52 yara ne. An yi kuka, an kama wasu, Aljeriya na ta maido mutane cikin manyan motoci, amma in damina ta ƙi sai a sake kama hanya. In ba'a ba uwar abin yi ba, yaron ne abin yin.

Maman Walida: Jama'a ngd sosai, na karanta wa maigidana saƙon Alaramma da na Baiwar Allah, yayi shiru can yace to shi zai je da kansa kar a ga ƙafata. Da safen nan yabi ta inda Anti ta turo min ta akwati. Jami'an sun zo da rana su uku tare da wakilin mai unguwa, ina leƙe ta taga, matar tana ta rantsuwa wai ƴar ƙanwarta ce, sai ɗaya daga cikinsu ta ɗaga hannun rigar yarinyar. Sun tafi da ita asibiti, matar kuma ance ta biyo su da mijinta. Yarinyar ko takalmi babu, kayanta duka a leda baƙa ɗaya. Yanzu jikina rawa yake, bansan me zai biyo baya ba, kuma inaga matar ta zargeni dan ta daɗe tana kallon gidanmu.

Ummu Khalil: Alhamdulillah!! Allah ya biya ku ke da maigidan

Anti Walwala: Ko ta zarga kar ki tanka mata, kar kiyi habaici kar ki saka komai a sitatos, in ta zageki ko tayi barazana ki kira wanda ya karɓi maganar ki gaya masa. Ki karɓi lambarsa ki riƙa kira duk bayan kwana biyu kina tambayar ina aka kwana, fayil ɗin da ake tambaya shi yake motsi. Zasu iya neman maigidanki ya bada shaida, ku shirya wa wannan tun yanzu.

Ɗan Rigasa: Tunda ana maganar, dan Allah ku bani shawara nima duk da nawa ba ƙaramin yaro bane. Ƙanina shekararsa 19, tun rasuwar babanmu ya faɗa shaye-shaye, da sirop ya fara yanzu har ƙwaya, ya saida wayar mamanmu ya saida injin markaɗenta. Kawunmu ya dage sai an kaishi gidan mari. Ni kuma a unguwarmu akayi abin nan na Satumban 2019, da ƴan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa bayansu duk tabo, bayan nan aka sake buɗe wasu a Daura da wasu garuruwan. Iyaye da kuɗinsu suka kai su dan a gyara musu. Bazan iya kai ɗan uwana irin wurin nan ba amma kuma gidan ya gagara zama, mama kullum kuka.

Sista Nas: Kar ku kaishi. Shaye-shaye in ya kai haka ciwo ne, wanda jikinsa ya saba da tramadol in aka yanke masa lokaci ɗaya aka ɗaure zai iya shiga mummunan hali, wajen likita ake rage shi a hankali. Kuna Kaduna ai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa, sunada ɓangaren masu shaye-shaye, mu nan Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da kuma asibitin Malam Aminu Kano. NDLEA ma ba kamu kawai sukeyi ba, sunada ɓangaren bada shawara da gyaran hali, in kai ka kawo shi neman taimako ba a matsayin mai laifi ake karɓarsa ba. Ka fara zuwa kai kaɗai kaji tsarin da kuɗin, sannan ka lallaɓo shi. Kuma ka lura da abinda ka faɗa da bakinka, tun rasuwar babanku. Wataƙila ba wanda ya taɓa zama da shi akan wannan.

Ɗan Rigasa: Wlh babu. Shi ne ya riƙe baba a asibiti har ya cika, yana aji biyar na sakandare lokacin. Zanje Barnawa ɗin ranar Litinin in sha Allah, matsalar dai kuɗin kwanciya

Alaramma: Wannan maraya ne ko da ya girma, kuma mara lafiya ne mabuƙaci, zakka ta halatta a kansa. Ka samu limamin masallacinku da masu hali na dangi ka faɗa musu kai tsaye. Kuma ina roƙon ƴan uwana malamai masu tsangaya da ke cikin gidan nan, duk wanda aka kawo masa yaro aka ce a sa masa mari, ya ce ba aikinsa ba ne. Allo muka gada ba sarƙa ba.

Malamar Firamare: Ni ina so mu koma kan tambayar Anti, daga nan sai ina. Mu kusan ɗari biyu ne a gidan nan. In an gano garin yarinyar, me zai hana mu ɗauki nauyin makarantarta, yunifom da littafi da ɗan abinda ake aika wa iyayen duk wata, da sharaɗin tana gida tana zuwa aji? abinda dillaliya take basu bai taka kara ya karya ba, in mun biya shi basu da hujjar sake bada ita.

Abban Sadiq: Wannan ita ce maganar da nake so inji tun jiya. Ku sakani a ciki. Amma kar a ba uban kuɗi a hannu, a samu hedimastan garin ko mai gari ya zama shaida, in ba haka ba za'a karɓi namu a kuma karɓi na dillaliya.

Baiwar Allah: A fara tambayar yarinyar ma tukunna. Wani gidan da ake cewa a maida yaro, daga can matsalar ta faro, wataƙila uwar bata gidan kishiya ce ta bada ita. A tambayeta wajen wa take so ta zauna, zata faɗa, ko kaka ko goggo. Ni da gidan babana aka maidani da an sake kawoni.

Anti Walwala: Gaskiyarki, kuma haka tsarin ya tanada, a duba gidan kafin a miƙa yaro, rashin kuɗin zuwa ne yake sa a tsallake. In guruf zai taimaka to ya fara da wannan, kuɗin motar jami'a mace ɗaya da zata raka ta taga gidan da idonta, sannan a sake komawa bayan wata ɗaya ba tare da an sanar ba. Amma kar a tara ko sisi sai na tabbatar da garin da kuma wanda yake riƙe da maganar, kuma kuɗin kar ya biyo ta hannuna, a samu mutum biyu daban su riƙe suna kawo lissafi nan.

Hajiya Admin: To madalla. Malamar Firamare da Abban Sadiq ku riƙe, in kun yarda ku amsa a nan kowa ya gani. Ba'a buɗe karɓar kuɗi ba sai Anti ta dawo mana da bayani, duk wanda ya turo lambar asusu kafin nan zan cire shi. Ɗan Rigasa ka biyoni ta akwati, akwai wata a gidan nan da ɗanta yayi jinya a Barnawa tace zata gaya maka yadda suka bi. Barista dan Allah in ka samu sarari ka rubuto mana wuraren nan da ka lissafa a saƙo ɗaya in maƙala shi a sama.

Malamar Firamare: Na yarda.

Lauyan Talaka: Zan turo bayan isha'i. Wanda yake Katsina ko Jigawa ko Bauchi ya taimaka da na jiharsu in haɗa, na Kano da Kaduna da Sakkwato kawai ke hannuna.